Shekarar da Baba Ya Buɗe Rumbu

Ni malamin Ingilishi ne a kolej, nan yankin Gesheme, kuma saura ƙiris in ajiye alli. Duk shekara idan an koma lakwal, wato makarantar boko, cikin kaka, akwai darasin da nake yi wa 'yan aji uku, na yadda ake faɗin abu ya wuce kima da yadda ake faɗin abu ya isa. Na yi shi har ina iya yin sa ina gyangyaɗi. Idan na ce kowa ya kawo misali, misalan ma ba sa canzawa: shayi ya cika zafi ba ya shawuwa, buhu ya cika nauyi, Ali bai kai tsawon da zai taɓa rufin ɗaki ba. Makon jiya kuwa wata yarinya 'yar ƙauyenmu, Ramatu, ta ɗaga hannu, ta miƙe, ta jero tata jimlar tsaf ba tuntuɓe. Ma'anarta da Hausa ita ce, hatsin Mushe ya yi yawa bana. Mushen nan kuwa ni ne, don haka yara ke kiran malami da Faransanci.

Aji ya kwashe da dariya. Na ce ta yi daidai, ta zauna, don kuwa daidai ɗin ta yi. Amma ban juya ga allo ba sai da na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, na ga wa ya yi dariya da baki, wa ya yi da ido. Yarinya ba ta tsintar irin wannan magana a kan hanya, a gindin murhu take jin ta. Ramatu kuma tattaɓa-kunnen Gado ce, kuma gidan Gado ba baƙon gida ba ne a wurina.

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Gonaki da yawa sun tsaya da ciki ba su haihu ba, tawa ta tudu kuwa ta yi, ba don na fi kowa ba, sai don har yau ina yin binne kamar yadda na tarar ana yi a gidanmu. Irin wannan shekara na taɓa ganin ta sau ɗaya, ina saurayi, lokacin ina karatu a Dogon Dutsi, kuma ita ce ta cinye mana kakata.

Gidanmu ba shi da hannuwa da yawa. Daga Baba Nomau, sai Inna, sai ni, sai ƙannena da ba su kai riƙe hauya ba, sai Kaka Igge, mahaifiyar Baba. Gona biyu muke da ita, ɗaya a bayan gari, ɗaya can kan tudu mai nisa, inda ciyawar gamba kawai ta raba mu da gonar Gado. Idan ruwan shuka ya sauka, ƙasa ba ta jiran kowa, kafin mu gama ta kusa ta nesa ta bushe. Shi ya sa a bazarar nan Baba ya ce za a yi binne a ta tudu. Binne shi ne ka zuba iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta ce uffan ba, ka rufe, ka koma gida ka jira. Caca ce. In yayyafi ya ɗan sauko ya tsaya, iri ya tsiro ya ƙone. In ruwa ya yi jinkiri, zabi da kurciya su yi biki da guminka.

Kaka Igge ce ta fid da irin. Wani tsohon hatsi ne mai gajeriyar zangarniya, wanda mutane suka daina shukawa don daminsa ba ya cika ido, amma yana da saurin nuna. A cikin tulu take ajiye shi da toka, ta liƙe bakin da laka. Ita ce kuma ta ce kada a wuce makon nan, wai gwiwoyinta na gaya mata ruwa na kusa. Dariya muka yi mata, don gwiwoyin nan sun sha yin ƙarya. Baba ya aiko mini da saƙo, na saci kwanaki daga lakwal, na hau motar kasuwa na zo.

Ba na mance zafin ranakun nan. Rairayi na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin taya. Baba na gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna bin sa, a jefa 'yan ƙwayoyi a rami, a rufe da diddige, a ƙara gaba. Kafin hantsi ya ɗaga, ruwan gora ya zama kamar na wanka, ka sha ka ji bai je ko'ina ba. Babu ganye ko ɗaya a tudun nan da zai yi maka inuwa. Gado ya biyo a kan jakinsa, ya tsaya yana kallon mu, ya tambayi Baba ko zabin gari ne ya ɗauki nauyin ciyarwa bana. Baba ya ce masa ya sauka ya kama sungumi, ko jakin ya huta da ɗaukar ƙaton banza. Haka suke tun suna yara. Tare aka yi musu kaciya, kuma ko rannan a ƙwarya ɗaya suka sha fura kafin Gado ya wuce.

Ban ma koma Dutsi ba ruwan ya zo. Da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso tana kwashe danga, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle. Amma manya ba su yarda da shi ba. Suka ce ya yi wuri, ruwan yaudara ne, iri kuma ba shi da yawa a hannun kowa balle a yi wasa da shi. Kusan duk gari aka riƙe hannu, har da mu a gonar bayan gari. Sama kuwa ta yi shiru bayan nan, shiru mai tsawo. Namu na tudu ya tsiro, ya yi yaushi, ya kwanta, kowa na cewa Nomau ya yi asara. Bai dai mutu ba, don rairayi ya riƙe masa laima a ƙasa.

Da ruwa na biyu ya sauka, a makare, kowa ya fita shuka. Ni ma an ba mu hutu na dawo. Damina ta fara kamar za ta yi kirki. Muka yi noman farko, muka shiga maimai, aka yi gayya a gonar Gado, samari a jere da hauya ana kiɗa ana kirari, matarsa Kuluwa ta kawo tuwo da miyar kuka muka ci har muka kasa miƙewa. Ina faɗin wannan ne don a san lokacin ba abin da ke tsakaninmu sai alheri. Gado ya leƙa namu ta kan gamba, ya ga ya fi nasa tsawo nesa ba kusa ba, ya ce wa Baba ashe zabi sun rage masa. Dariya aka yi, aka watse.

Sai ruwa ya ɗauke a daidai lokacin da hatsin mutane ya yi ciki. Kullum hadari ya haɗo da yamma, ya yi ta gurnani, a fid da tukwane, iska ta zo ta kore shi. Aka yi roƙon ruwa, aka sake yi. Ganye ya nannaɗe, ya yi fari, in ka ratsa gona kana jin ta tana ƙara a jikin rigarka. Zangarniyar da ta samu ta fito, in ka murza ta ba komai sai ƙaiƙayi. Gonarmu ta bayan gari ta mutu tare da ta kowa, amma daga baya ba wanda ya tuna da ita. Ta tudu ake gani, wadda ta riga ta yi ƙwaya tun kafin fari ya kama. Daga wannan gefen gamba zangarniya ta sunkuya don nauyi, daga wancan gefen kara ne a tsaye fari fat, kamar an ja layi da zare.

Ranar da na gasa wa ƙannena tumu a bakin gona, na ga ɗan Gado na biyu tsaye a nasu gefen yana kallo. Na miƙa masa ɗaya. Da can da sai ya warce, har ya nemi ƙari. Rannan ya mai da hannuwansa baya, ya ce ya ƙoshi. A shekarar da ba wanda ya ƙoshi ke nan.

A Arewa kowa ya san zancen doguwa. Iska ce da ake cewa wasu gidaje na ajiyewa suna ba ta jini, ita kuma tana bin gonakin maƙwabta tana tsotse ƙwayar hatsi tana zuba wa mai ita. Ni ban taɓa ganin ta ba, ban kuma taɓa gamuwa da wanda ya ce shi da kansa ya gan ta ba, kullum ɗan'uwan wani ne ya gani. Kaka Igge kuwa ta yi bori da ƙuruciyarta. Ta bari tun ba a haife ni ba, ta kama salla, tasbaha ba ta barin hannunta, amma gari ba ya mantuwa, ajiya yake yi. Ita ce kuma ungozomar unguwa, rabin mutanen da ke yawo a ƙauyen nan ita ta yanke musu cibiya. Saboda aikin nan takan shiga daji da ƙwarya neman saiwa da ganye na masu jego. Duk wanda ya taɓa ganin ta da ƙwaryar nan kusa da gonarsa, a kakar nan ya tuna.

Ba wanda ya taɓa faɗa mana a fuska, da an faɗa da mun huta. Gaisuwa ce ta fara canzawa. In muka ɗauko dami a ka muka biyo ta gindin tsamiya inda maza ke zama, sai a ce sannunku da arziki, a ja kalmar nan ta ƙarshe har sai ka ji ta a ƙeya. Ba wanda ya zo ya kama mana jigila, amma kowa ya san abin da ya shiga gidanmu, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Inna ta je rijiya, mata suka ja tulunansu gefe. Wata safiya na tarar da ƙahon rago a binne a gindin gamba, an ɗaure shi da jan zare, bakinsa na kallon gonarmu. Na kawo wa Baba. Ya jujjuya shi, ya ce in mayar inda na ɗauko, in kuma rufe bakina.

Ni da nake ganin na yi karatu, na je gindin tsamiya na zauna na yi musu bayani dalla-dalla: binne ne, ruwan farko ne, iri ne mai saurin nuna, duk a gabanku aka yi, har dariya kuka yi mana. Suka saurare ni da kyau, suna gyaɗa kai. Da na gama wani dattijo ya tofar da goro ya ce, “Ƙwarai, ɗan lakwal, haka na. To wa ya gaya ma tsohuwa ruwa na tahe?” Na ce gwiwoyinta. Ban taɓa jin dariya mara daɗi kamar ta ranar ba.

Cikin gida muka koma zaman masu laifi. Inna ta riƙa shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmi, tana daka a hankali, don a shekarar yunwa ƙarar taɓarya ta fi ta ganga nisa. Muna da hatsi, amma muka bi sahun mutane daji ɗiban anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa ana zubar da ruwan har su ciwu. Muka riƙa haɗa ta da ganyen jiga da ɗan gari, don kada a gan mu da maiƙo a fuska. Ana goge wa yara baki kafin su fita. In wani ya yi sallama ana cikin cin abinci, sai kowa ya kalli ƙwarya kafin a amsa. Ni kaina na koyi sauraron tafiya a bayan danga, in ta tsaya in san ba ƙaya aka taka ba. Abin haushin shi ne hatsin nan da ake ta magana a kai ba wani yawa gare shi ba. Baba ya auna shi da ido ya ce in an yi tattali zai kai mu sabon hatsi da ƙyar.

Duk da haka Kaka ba ta yarda mu ci mu kaɗai ba, kuma tana da hanyarta. Da rana tsaka, lokacin da maza ba sa gida, takan sa Inna ta zuba tsaba a 'yar ƙwarya, ta ɓoye cikin zane, ta shiga gidan da aka san tukunya ba ta hau ba, kamar ta je ɗiban wuta. Ta ajiye a bayan randa, ta fito abinta. Wasu suka riƙa karɓa shiru, kuma shirun nan shi ne godiyarsu. Kuluwa ce kaɗai ta aiko yarinya da ƙwaryar, ko ƙwaya ba a taɓa ba, wai a ce suna da shi. Kaka ta ce a bar ta, yunwa ta fi kowa iya lallashi, a sake gwadawa bayan kwana biyu.

Sai matar babban ɗan Gado ta fara naƙuda. Da hantsi ne, muna jin kai-da-kawon mata ta bayan danga. Kaka ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na aiki, ta fid da askarta da zare da ƙullin saiwa, ta zauna a kan kujera a ƙofar ɗaki tana fuskantar zaure, tana jiran a aiko. Ita ta yanke cibiyar uban jaririn da za a haifa, ta kuma yanke ta duk 'yan'uwansa. Rana ta take, tana zaune. Azahar ta yi, ta tashi ta yi salla ta dawo ta zauna. Can da la'asar muka ji kukan jariri, muka kuma ji muryar wata mata ta unguwar gabas da aka je aka ɗauko a kan jaki. Kaka ta naɗe kayanta a tsumma ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya raya, ta shiga ɗaki. Jaririn nan shi ne uban Ramatu.

Baba mutum ne mai haƙuri, amma irin haƙurin da in ya ƙare ba ya jin kira. Kashegari ya ce zai buɗe rumbu a gaban jama'a, kowa ya ga cikinsa, a raba abin da ke ciki, a huta. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai ji nauyin wannan magana ba. Rumbu asirin mai gida ne. Ko matarsa ba ta leƙa shi, shi ke hawa ya fid da dami ya miƙo, ba ya kuma faɗin abin da ya rage ko ga ɗan da ya haifa. Inna ta kama kuka. Kaka ta fito ta tsaya a gabansa. Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

Ta ce, “Maigida, kak ka buɗe rumbun ga. Abin da mace ta kai cikin zane, kyauta ta. Abin da ka hiddo gaban jama'a, biya na. Wa ka biya in ba wanda ya ci ba?”

Ya ce, “Iya, su gani da idonsu. In sunka ga cikinai, bakinsu ya mutu.”

Ta dube shi ta ce ita ta fi shi sanin bakin mutanen nan, tun ba su da haƙori ta san shi. Bai ji ba. Don ita yake yi, kuma a ganinsa gaskiya in an fid da ita rana tana isar kowa.

Ran Juma'a bayan an sauko, ya kira mutane. Suka zo, har waɗanda suka daɗe ba su taka zaurenmu ba. Ni da shi muka hau muka ɗaga jinkar rumbu muka sauke ta ƙasa. Ina jin kunya kamar ni aka tuɓe wa riga a kasuwa. Dattawa suka riƙa hawa tsani ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa. Na zuba wa fuskokinsu ido, ina jiran in ga kunya ta kama su, don rumbun ko kusa da wuya bai kai ba. Abin da na gani shi ne suna kallon juna, sannan suna kallon ɗakin Kaka, kamar masu tambayar ina aka kai sauran.

Baba ya ware iri, ya ware ɗan abin da zai riƙe yara, ya ce a raba saura gida gida. Ina miƙo dami daga sama, yana karɓa yana bayarwa. Wasu mata sun yi addu'a, ba zan ci haƙƙinsu ba. Gado ne ya zo daga ƙarshe. Ya rame, wuyansa ya fito daga riga. Baba ya zaɓo masa dami mafi girma, ya ɗora masa da hannunsa, har yana ɗan murmushi kamar mai jiran tsohuwar tsokana ta dawo. Gado ya gyara damin a kafaɗa, bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

Ya ce, “To, Nomau. Mun amshi namu. Allah shi kiyaye gaba.”

 Daga saman rumbu na ga hannun Baba ya tsaya a iska inda ya sake damin. Kafin magariba zance ya zaga gari cewa Nomau ya amsa laifi ya mai da kayan mutane, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Waɗanda da suke shakka ma a ranar suka tabbatar, tunda a saninsu ba mai hankalin da zai tona rumbunsa a shekarar yunwa haka kawai.

Abin da aka raba bai kai kowa ko'ina ba. Kafin sanyi ya wuce turmi ya yi shiru a ko'ina, har da namu, wannan karon ba tsumma ake sa masa ba. Baba ya bi samari ya tsallaka Najeriya ci-rani, yana aiko garin rogo in ya samu mai zuwa. Ni na bar lakwal shekarar nan na zauna da su. Anzar da da muke ci don idon mutane ta zama abincin gaske. Muka ci dusa, muka ci ganyen aduwa, muka kakkaɓe karangiya muka surfa 'ya'yanta hannu na jini. Bazara ta dawo da zafinta, yunwa kuma tana sa rana ta yi tsawo, ka duba inuwa ka ga ba ta motsa ba. Muka rame kamar kowa, na zaci ko wannan zai wanke mu. Sai na ji ana cewa doguwar ce ta juyo kan masu ita tunda an hana ta abinci.

An yi haihuwa da yawa a unguwa cikin watannin nan, ba a kira Kaka ko sau ɗaya ba. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kuma taɓa ce wa Baba ai na gaya maka ba. In Inna ta kai mata ɗan abin da aka samu, sai ta yi loma biyu ta turo wa yara ƙwaryar, ta ce ya ishe ta. Mun yi faɗa, mun yi lallashi, ta ce cikin tsohuwa ba ya ɗaukar kaya. Ta rasu da farkon damina, hatsin da muka sake binnewa da irinta yana daidai gwiwa. Mutane sun zo jana'iza, don ba a ƙin zuwa. Gado ma ya zo, ya yi wa Baba gaisuwa yadda ake yi, Baba ya amsa yadda ake amsawa. Sun yi shekaru bayan nan suna gaisawa a masallaci, amma ban sake ganin su a kan ƙwarya ɗaya ba har ƙasa ta rufe su.

Yanzu abubuwa sun canza. Rediyo ke faɗin ranar da ruwa zai zo, ba gwiwar tsohuwa ba. Mata na haihuwa a asibiti. Hatsi a buhu yake shiga gida cikin amalanke, kuma in shekara ta ƙi, akwai shinkafa a kanti ga mai hali, akwai ɗa a Yamai ko a bakin teku da za a kira a waya. Yaran ajina in ka yi musu zancen doguwa dariya za su yi. Ban dai sani ba ko iyayensu na yin dariyar.

Na yi ta juya jimlar Ramatu. Mai yiwuwa yarinyar ta wuce ta gefen gonata ne ta ga kara ya yi kyau, ta so ta faranta wa malaminta. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na sani, ni ma ina faɗa wa yara. Amma rumbuna bana ba mai ganin cikinsa. Shekaranjiya da rana tsaka na ce wa matata Balki ta zuba tsaba a kwano, ta rufa mayafi a kai, ta leƙa gidan su Ramatu kamar ta je gaida mara lafiya, ta ajiye a bayan randa.

Da ta dawo ina zaune a zaure, ko alwala ban iya yi ba. Na tambaye ta me suka ce. Ta ce sun ce an gode. Na ce wa ya faɗa, uwar ko uban? Ta ce uban. Na ce an gode ya ce, ko mun gode? Da ya faɗa, ke yake kallo ko kwanon?

Balki ta ajiye kwanon a gabana, ta daɗe tana dubana.

Ta ce, “Baban Sale, mutumin ga hawaye ya yi. In wannan bai ishe ka ba, ban san abin da za shi isar ka ba.”

Ni ma ban sani ba. Sai da ta shige cikin gida na ɗauki kwanon na duba, in ga ko sun wanke shi kafin su maido mata, yadda ake wanke abin da ake tsoro.